CANKI-CANKA A ƘOFAR JAMI'A

Kowace shekara, da zarar bazara ta kankama, sai wani zazzaɓi ya sauka a gidajen ƙasar nan, wanda ba sauro ke kawo shi ba. Yara kusan miliyan biyu, maza da mata, su yi sammako su nufi ɗakunan kwamfuta, kowa riƙe da 'yar takardarsa, a duba zanen yatsunsu, a zaunar da su sa'o'i biyu, sa'an nan a sallame su su koma gida su jira lamba. Lambar nan, wadda ba ta wuce 400, ita za ta shaida wa yaro ko ya zama ɗan jami'a, ko kuwa ya sake jiran wata bazarar. Mun saba da wannan al'amari har mun daina tambayar dalilinsa, kamar yadda ba a tambayar dalilin fitowar rana. To, amma mu da muke karɓar yaran nan a aji bayan sun tsallake siraɗin, muna da abin faɗi, kuma lokaci ya yi da za mu faɗe shi.

Maganarmu guda ɗaya ce. Jarrabawar da Hukumar JAMB ke shiryawa tana auna iya zaɓe ne tsakanin amsoshi huɗu da wani ya riga ya rubuta. Jami'a kuwa abin da take bukata ga ɗalibinta shi ne ya iya tunani, ya kuma iya zuba tunanin nan a takarda da kalmominsa. Abubuwa biyu ne mabambanta, kuma tun da aka ɗora na farko a kan kujerar alƙalanci, na biyu yake ta ramewa a makarantunmu. Ba mu zo neman a rushe hukumar ba, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mun zo ne mu ce an ɗora wa jarrabawar nan kayan da ya fi ƙarfinta, kuma 'ya'yanmu ne ke biyan kuɗin dakon.

Asalin Abin

Ya kamata mai karatu ya san cutar da aka ƙirƙiro hukumar don ta warkar. Kafin 1978 kowace jami'a ita ke shirya jarrabawarta, ta ɗauki wanda ta ga dama. Jami'o'in ma 'yan kaɗan ne: Ibadan ta 1948, Nsukka ta 1960, sai Zariya da Ife da Legas na 1962, sai Benin ta 1970. Tsakanin 1975 da 1977 gwamnatin soja ta ƙara guda bakwai, a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos da Ilori da Kalaba da Fatakwal, suka zama 13. A wancan zamani ɗalibi mai hali yakan nemi jami'o'i uku ko huɗu, duk su ba shi gurbi, ya tafi ɗaya, sauran kujerun su zauna wayam, alhali ga wani can a ƙauye bai sami ko ɗaya ba. Don a magance wannan ne gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kafa hukumar da Dokar Soja mai lamba 2 ta 1978, aka naɗa Michael Angulu ya zama shugabanta na farko.

Ke nan cutar ta rashin tsari ce, maganinta kuwa akawu ne mai riƙe da babban littafi, wanda zai tabbatar da cewa mutum ɗaya bai zauna a kujera uku ba. Sai dai akawun bai tsaya a matsayinsa ba. A 1989 wata dokar soja ta miƙa masa kwalejojin ilmi da na kimiyya da fasaha. A 2010 aka haɗe jarrabawoyin duka suka zama guda, wadda ake kira UTME. A 2015 aka jingine fensir da takarda, kowa ya koma kan kwamfuta. Yau jami'o'in ƙasar nan sun haura 250, kuma kusan duk wanda zai shiga ajin farko a cikinsu sai ya bi ta wannan ƙofa guda. Akawu ya zama alƙali, ya zama mai tsaron ƙofa, kuma kamar yadda za mu gani nan gaba, har ya fara zama mai tsara wa ƙasa manufar ilmi.

Me Ake Aunawa?

Bari mu duba jarrabawar kanta. Darussa huɗu ne, Ingilishi dole, sai uku da suka dace da abin da yaro ke son karantawa. Tambayoyi 180 ne, 60 na Ingilishi, 40 a kowane ɗaya daga sauran, cikin minti 120. Wanda ya iya lissafi ya raba, zai ga kowace tambaya sakan 40 ta samu. A cikin sakan 40 mutum zai iya tuna abin da ya haddace, zai iya gane amsar da ya taɓa gani. Amma ba zai iya kafa hujja ba, balle ya auna ra'ayoyi biyu ya fitar da na uku. Daga farkon jarrabawar har ƙarshenta ba a bukatar yaro ya rubuta jimla ko da guda ɗaya.

A sake karanta wannan magana, don tana da nauyi. Yaro zai iya cin 90 cikin 100 a takardar Hausa, ya zo sashen Hausa da tutiya, alhali babu wanda ya taɓa ganin jimlarsa ta Hausa. Ya san cewa Abubakar Imam ne ya rubuta Ruwan Bagaja, domin ya ga sunan a cikin huɗun da aka jera masa. A ce masa ya cika shafi guda a kan abin da ya sa mai karatu ke jin daɗin ƙaryar da ke cikin littafin, sai ido ya raina fata. Haka abin yake a takardar Ingilishi. Hukumar takan wajabta wa kowa karanta ƙagaggen labari guda. A 2025 The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba ne, kafin shi kuma The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli. Niyyar tana da kyau. Sai dai tambayar da za a iya yi a kan labari ta hanyar canki-canka ba ta wuce wane ne ya ce kaza, a wane gari aka yi kaza. Saboda haka yara da yawa ba su wahalar da kansu da littafin. Sai su nemi 'yar taƙaitawa ta shafi goma su haddace sunaye. An mayar da adabi jerin sunayen 'yan gida.

Illar ba ta tsaya a ranar jarrabawa ba, ta koma baya ta cinye ajin ƙarshe na sakandare. Malami ya san ba za a tambayi ɗalibinsa insha'i a ƙofar jami'a ba, shugaban makaranta ya sani, uba ma ya sani. Sai kowa ya karkata ga abin da za a tambaya. Littafin da ya fi kasuwa a hannun 'yan aji shida shi ne kundin tsoffin tambayoyi. A kowace unguwa an buɗe wuraren darasin yamma, inda ake koya wa yara dabarar kawar da amsoshi biyu su yi caca tsakanin biyun da suka rage. Sakamakon yana zuwa mana aji kowace shekara: yara masu kaifin ƙwaƙwalwa, masu ɗimbin maki, waɗanda in ka ce su bayyana ra'ayinsu a kan waƙa sai su zuba maka ido, suna jiran ka kawo amsoshi huɗu su zaɓa. Ba laifinsu ba ne. Abin da aka shuka shi ya tsiro.

Kakanninmu ba haka suke auna mai ilmi ba. A tsangaya ba a kiran mutum alaramma don ya gane aya in an karanta masa. Sai ya kawo ta da ka, ya kuma rubuta da hannunsa. Maƙeri bai yaye yaronsa don ya iya nuna lauje a cikin tarin ƙarafa, sai ya ƙera an gani. Ita kuwa tambayar canki-canka baƙuwa ce, kuma tarihinta sananne ne. Wani malami a Amurka mai suna Frederick Kelly ya fito da ita wajen 1915 don auna karatun yara da sauri, sojojin Amurka suka ɗauka a 1917 don tantance ɗimbin kurata a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Amfaninta tun asali shi ne sauri da arha wajen rarrabe taro mai yawa. Wannan amfani ne na gaske, ba mu musa ba. Amma rariya aikinta raba gari da tsaki. Ba ita ke faɗin ko tuwon zai yi daɗi ba.

Mudun da Ke Sauyawa

In da jarrabawar nan cancanta take aunawa, da akwai wani maki sananne wanda duk wanda ya gaza shi bai isa karatun jami'a ba. To, ga yadda mafi ƙarancin makin shiga jami'a ya kasance: 180 a 2016, ya faɗo 120 a 2017, ya hau 160 a 2019, ya sauko 140 a 2022, ya koma 150 a 2025. Shin ƙwaƙwalwar da karatun digiri ke bukata ita ce ta ragu da kashi ɗaya cikin uku tsakanin 2016 da 2017? Ma'aunin da ke sauya mudu kowace ranar kasuwa, ai gaban sarkin kasuwa ake kai shi. Gaskiyar magana ita ce, makin nan ana tsayar da shi ne a taron shugabannin makarantu, bisa yawan kujerun da ake son cikawa. Manyan jami'o'i masu cunkoso sukan nemi 200 ko fiye, masu neman ɗalibai kuma su tsaya a ƙasa. Wato ciniki ne, ba awo ba.

Akwai abin da ya fi wannan ban tsoro. Kowace tambaya amsoshi huɗu gare ta, ɗaya daidai, kuma ba a rage wa yaro maki don ya zaɓi kuskure. Bisa lissafin da ɗan ƙaramar sakandare zai iya yi, wanda ya rufe ido ya dinga danna duk abin da yatsarsa ta faɗa a kai, ana sa ran ya dace da kashi ɗaya cikin huɗu, wato wajen maki 100. To, 100 ɗin nan shi ne mafi ƙarancin makin da aka tsayar wa kwalejojin ilmi a 2017, shi ne kuma aka tsayar a 2025. Kwalejin ilmi kuwa nan ake horar da malamin firamare, wanda zai koya wa yaron da zai zauna jarrabawar nan bayan shekara goma sha biyu. Muna zuba dusa a bakin rijiya, sa'an nan muna mamakin gurɓacewar ruwan.

Kuma ko da kowane yaro ya ci 300, kujerun ba za su ƙaru ba. Waɗanda ke samun gurbi a jami'o'i kowace shekara ba su kai rabin masu nema ba. Wannan gazawa ce ta waɗanda ya kamata su gina azuzuwa su ɗauki malamai. Amma da yake akwai jarrabawa, sai gazawar ta sami inda za ta fake. Yaro ya koma gida da kunya yana cewa ya faɗi, uwa ta yi kuka, uba ya yi faɗa, ba wanda ya tambayi gwamnati ina kujerar. An bar jaki ana dukan taiki.

Ranar da Na'ura Ta Yi Tuntuɓe

Babbar hujjar masu kare wannan tsari ita ce na'ura ba ta son kai, ba ta karɓar toshiya, ba ta kuskure. Biyun farko mun yarda. Na ukun kuwa shekarar 2025 ta ba da amsarsa. A shekarar, yara sama da miliyan 1.9 suka zauna, aka fito da sakamako, sama da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba, waɗanda suka kai 300 kuwa ba su cika 13,000 ba. Yara da iyaye suka yi ta kukan cewa makin da aka ba su ba nasu ba ne. Da farko aka yi musu kunnen uwar shegu, har daga bakin manyan jami'an gwamnati aka ji cewa yawan faɗuwar alama ce ta an toshe hanyar satar amsa. Sai ranar 14 ga Mayu, shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida yana hawaye, ya amsa cewa an sami tangarɗar na'ura a cibiyoyi 157 a Legas da jihohi biyar na Kudu maso Gabas, wadda ta shafi yara 379,997. Aka ce su sake zama cikin 'yan kwanaki, alhali da yawansu suna tsakiyar rubuta jarrabawar WAEC.

Mun yaba wa Farfesan, domin a ƙasar nan amsa laifi a bainar jama'a abu ne mai wuyar gani. Amma yabon mutum dabam, hukunci a kan tsari dabam. Kusan ɗaya cikin kowane yara biyar an ba shi lambar da ba tasa ba, kuma ba don sun ɗaga murya ba da shi ke nan, an binne su da ita. Lokacin da ake rubutu a takarda, wanda aka zalunta yana da abin da zai ce a ɗauko a duba, ga rubutun hannunsa. Tsarin da ya rataya makomar mutum a kan zama ɗaya, a rana ɗaya, sau ɗaya a shekara, sa'an nan sakamakon ya mutu bayan shekara guda, tsari ne da bai bar wa kuskure wuri ba, na yaro ko na na'ura. Zazzaɓin kwana biyu, ko motar da ta lalace a hanya, ko wutar da ta ɗauke a cibiya, kowannensu ya isa ya cinye wa yaro shekara.

Tsere Ɗaya, Ƙafafu Dabam-dabam

Ana cewa adalcin jarrabawar shi ne kowa tambaya iri ɗaya yake amsawa. Haka ne. Amma ɗan da ya tashi da kwamfuta a ɗakinsa a Ikoyi ko Maitama, da ɗan da ranar jarrabawar ce rana ta biyu ko ta uku da ya taɓa ɗora hannu a kanta, ba a layi ɗaya suka fara gudun ba. Cibiyoyin a birane suke, ɗan ƙauye sai ya biya kuɗin mota, wani lokaci har da na kwana. Kafin nan ya biya kuɗin rajista, ya yi ta safa da marwa wajen neman lambar zama ɗan ƙasa wadda aka wajabta tun 2021. A 2017 hukumar ta zuba wa asusun gwamnatin tarayya rarar Naira biliyan 7.8, aka yi ta tafi, kuma gaskiya ne hakan ya fi zamanin da aka ce maciji ya haɗiye Naira miliyan 36 a ofishinta na Makurɗi, labarin da ya ɓulla a 2018. Amma a tuna daga aljihun wa rarar ta fito: daga na iyayen da galibin 'ya'yansu ba su sami gurbin ba.

Gwamnati ta san ƙafafun ba ɗaya ba ne, shi ya sa ta raba gurabun jami'o'in tarayya kashi uku: 45 cikin 100 bisa maki zalla, 35 ga 'yan yankin da jami'a take, 20 ga jihohin da aka ce suna baya a ilmi, waɗanda galibinsu na Arewa ne. A nan muna da magana da mutanenmu, kuma ba mai daɗi ba ce. Kason nan sanda ce aka ba gurgu ya dogara kafin ƙafarsa ta warke. Shekaru sun shuɗe, gwamnoninmu sun rungumi sandar sun manta da jinyar ƙafar. Wanda ke cin moriyar kason ma sau da yawa ɗan babban gida ne da ya yi makarantar kuɗi a Kaduna ko Abuja, ya zo da takardar ƙaramar hukumar da bai taɓa kwana a cikinta ba. Ɗan talakan da aka yi kason dominsa bai ma kai ga ƙofar ba, tun a firamare aka bar shi. Ga kuma 'ya'yanmu na nan Kudu, haifaffun Sabo a Ibadan da Shagamu, da Agege da Idi-Araba a Legas, da Ama Hausa a Owerri. A nan aka yanke musu cibi, a nan iyayensu ke biyan haraji, amma ranar neman gurbi takardar asali ake tambaya. A nan a ce musu baƙi, a can a ce ba a san su ba.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya, mu masu koyar da harshe, shi ne abin da ya faru a Nuwamba 2025. A 2022 gwamnati ta amince a riƙa koyar da yara da harshen uwa a shekaru shida na firamare. Bayan shekara uku Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da soke manufar, yana kafa hujja da yawan faɗuwa a jarrabawoyin WAEC da NECO da JAMB a wasu yankuna. Jama'a, yaron da ya shiga aji ɗaya a 2023 ba zai kai ga jarrabawar shiga jami'a ba sai wajen 2035. Ta yaya manufar da ba ta ko tashi tsaye ba ta kayar da waɗanda suka riga ta barin firamare? Ga gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife tun daga 1970, wanda ya nuna yaran da aka koyar da Yarbanci shekara shida ba su gaza takwarorinsu ba, har a Ingilishin kansa. An ture wannan gefe, an ɗauki lambar canki-canka an yanke wa harsunanmu hukunci da ita. Wannan shi muke nufi da muka ce akawu ya fara tsara wa ƙasa manufa.

Masu Cewa A Bar Ta

Za a ce mana, in an sassauta wannan jarrabawa, me zai maye gurbinta in ba wa-ka-sani ba? Wannan tambaya ce ta masu hankali, kuma ba za mu kauce mata ba. Mun san ƙasarmu. Mun san yadda wasiƙar babban mutum ke buɗe ƙofar da maki bai buɗe ba, mun kuma san makarantun da ake biya a rubuta wa yara amsa a allo ranar WAEC. Mun san ko a Amurka, inda jami'o'i da yawa suka jingine jarrabawar SAT a 2020, wasu manyansu sun dawo da ita, MIT a 2022, Harvard a 2024, bisa dalilin cewa tana taimaka musu gano haziƙin ɗan talaka wanda ba shi da mai tsaya masa. Saboda haka ne ba mu ce a rushe ba. Amma a lura, a can ana zama jarrabawar sau da yawa a shekara, kuma ɗaya ce daga cikin abubuwan da ake dubawa, tare da sakamakon makaranta da rubutun ɗalibi.

Ba sai mun je nesa ba ma. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, da ke bin tsarin Faransa, ba su shiga jami'a sai sun ci jarrabawar bakaloriya, inda ake zaunar da yaro sa'o'i ya rubuta doguwar muƙala yana kafa hujja yana warwarewa. A Gana jami'o'i da sakamakon kammala sakandare suke ɗaukar ɗalibai, ba su da wata hukuma irin tamu. Kowane tsari da nasa aibin, amma sun isa shaida cewa hanyarmu ba wahayi ba ce.

Su kansu jami'o'inmu sun daɗe da nuna ba su gamsu ba. A 2005, zamanin Minista Chinwe Obaji, aka ba su izinin yin tasu jarrabawar bayan ta JAMB. A 2016 Malam Adamu Adamu ya hana, a 2017 ya dawo da ita. To, da aka ba mu wannan dama me muka yi da ita? Galibinmu sai muka sake jera wa yara wata canki-cankar, muka karɓi kuɗinsu, muka auna abin da aka riga aka auna. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Majalisun jami'o'i ba su da bakin zargin hukumar muddin abin da suke yi ke nan.

Abin da Muke Nema

Na farko, jarrabawar JAMB ta tsaya a matsayin rariyar fari, hukumar kuma ta ci gaba da riƙe littafin rabon gurabu, aikin da aka kafa ta dominsa, wanda kuma ta iya. Na biyu, a riƙa yin ta aƙalla sau biyu a shekara, sakamakonta ya yi shekara biyu ko uku yana aiki, don kada tsautsayin yini guda ya zama hukuncin shekara. Na uku, kuma shi ne ƙashin bayan maganarmu, tantancewar da jami'a ke yi ta koma rubutu: sa'a ɗaya, shafi biyu, a kan batun da ya shafi fannin da yaro ke nema, mai neman sashen harshe kuma ya rubuta da harshen da ya zo karantawa. Za a ce wa zai gyara rubutun mutum miliyan biyu? Ba wanda ya ce miliyan biyu. Kowane sashe zai duba na waɗanda suka tsallake rariyar suka nemi shi ne kawai, kuma WAEC da NECO sun yi shekara da shekaru suna gyara insha'in yara fiye da miliyan guda kowace. Za a ce son kai zai shigo? A cire suna a sa lamba, malamai biyu su duba ba tare da sanin juna ba, a ajiye takardar don mai ƙorafi. Na huɗu, a daina ɗaukar mai koyon malanta da makin da rufe ido ke iya bayarwa. Na biyar, kason jihohin da ke baya a ɗaure shi da makarantar da yaro ya yi, ba da takardar asalin kakansa ba.

Mun san aikin zai ƙaru, kuma a kanmu malamai zai faɗo. Mun yarda. Gara mu sha wahalar mako biyu a bakin ƙofa da mu shekara huɗu muna koya wa ɗan jami'a abin da ya kamata ya zo da shi. Ranar da malamin sakandare ya ji cewa za a nemi ɗalibinsa ya rubuta shafi biyu kafin ya shiga jami'a, a ranar zai koma ba da insha'i, ba sai an aika masa da takardar umarni ba.

Ku kuma ɗalibanmu da kuka riga kuka shigo, wanda ya zo da 280 kada ya raina wanda ya zo da 190, domin lambar ta gama aikinta tun a bakin ƙofa. A nan ciki ba wanda zai jera muku amsoshi huɗu, haka kuma a wurin aiki, haka a zaman duniya. Ku ɗauki alƙalami ku koyi abin da aka hana ku koya. Shafukan wannan mujalla ma don haka aka buɗe su, kuma wanda bai yarda da abin da muka faɗa ba, muna maraba da martaninsa a fitowa ta gaba, da sharaɗi guda: ya rubuto shi da kalmominsa.